Maganin Karatun Keziah

Ranar Alhamis ta farko ta watan Oktoba, a shekarar 1793, Likita Abijah Thrall ya ɗaure dokinsa a jikin shingen gidan Ozias Loomis, mai sana'ar haɗa gangunan katako, ya shiga da jakarsa a hannu. Kwana biyu ke nan da aka tsinci Keziah, matar gidan, a yashe kusa da keken kaɗin ulunta, littafi buɗe a gefen hannunta. Ta farfaɗo tun kafin a gama yayyafa mata ruwa, ta tashi ta koma kan aikinta. Sai dai uwar mijinta, Huldah, ta riga ta ɗauke littafin, ta kuma riga ta gane ba na ibada ba ne. Ƙagaggen labari ne, irin waɗanda ake kawowa daga birnin Hartford, mata na ba juna aro a ƙarƙashin kayan saƙa.

Aka zaunar da Keziah a kujera kusa da taga. Ozias ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, kamar baƙo a gidansa.

"Miƙo hannun nan, Uwargida," in ji likita. "Ba cinye shi zan yi ba, na karya kumallo tun ɗazu."

Mutum ne mai fara'a, mai taushin hannu. Ya ɗora yatsu biyu a tsintsiyar hannunta, ya buɗe agogon aljihunsa, ya ƙirga bugun jijiyarta a hankali har minti ya cika. Ya ce saba'in da shida. Sannan ya karɓi littafin daga hannun Huldah, ya buɗe tsakiya, ya sirantar da murya kamar ta budurwa, ya shiga karanta wasiƙar da yarinyar cikin labarin ta rubuta wa wanda take so. Yatsunsa ba su bar hannun Keziah ba. Kalmomin da ta karanta ita kaɗai ba ta ga aibunsu ba, yanzu da suke fitowa daga bakin namiji, a gaban mijinta da uwarsa, sai ta ji kamar an yaye mata mayafi a kasuwa. Kunya ta rufe ta, fuskarta ta yi zafi.

"Casa'in da biyu," in ji likita, ya rufe littafin. "Kun ji da kunnenku. Labaran nan suna tafasa jinin mace, jinin ya hau kai, sai suma, sai kuka ba dalili, ƙarshenta kuma taɓin hankali. Na ga irinsa fiye da goma. Magani ɗaya ne: a rage jinin. Zan riƙa zuwa duk Alhamis. Ranar da na karanta mata littafin nan jijiyarta ba ta ɗaga ba, ranar ta warke."

"Likita," Keziah ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "ina da juna biyu. Wata huɗu. Jirin da ya kayar da ni ke nan, na sani."

Shekara biyar da aurensu, wannan ne cikinta na fari.

"Madalla! Ai masu ciki sun fi kowa tara jini. Mun taimaki mutum biyu ke nan da aiki ɗaya."

Ya fito da tasar dalma mai zane-zanen awo a cikinta, ya ɗaure mata dantse da ƙyalle, ya zaro 'yar aska mai tsini ya tsaga jijiyar da ke lanƙwasar hannunta. Keziah ta kau da kai tana kallon itatuwan tuffa ta taga, tana jin ɗigar jininta a tasa, har ya kai zane na uku. Da zai tafi, likita ya jefa littafin a jakarsa tare da askar.

Ranar Litinin tana fere tuffa a bakin murhu sai ta ji wani abu ya gilma a cikinta, sau ɗaya, kamar kifi ya juya a ruwa. Ta ajiye wuƙar, ta dafa wurin da hannu biyu, tana jira. Ya sake. Ta yi wa Ubangiji godiya a zuci, kuma a cikin godiyar ne tsoro ya fara shigarta, domin yanzu ta san jinin da ake zubarwa a bayan lambu ba nata ba ne ita kaɗai.

Alhamis ta biyu, likita ya ƙirga ya samu tamanin. Ya yaba. Sannan ya sa hannu a jaka. Tun kafin littafin ya gama fitowa Keziah ta ji zuciyarta ta yi tsalle, domin ta san abin da ke kwance a ƙarƙashinsa. Ya karanta layi huɗu kacal.

"Ɗari da biyu. Ciwon ya yi jijiya fiye da yadda na zata."

"Ba littafin ba ne, Likita. Askar nake tsoro. Duk sa'ad da ka fito da shi na san ita ce ke biye."

"Duk haka suke cewa," ya faɗa wa Ozias, yana murmushi. "Mashayi ma in ka nuna masa kwalba ya yi rawar hannu, cewa zai yi sanyi yake ji."

A ranar jinin ya kai zane na huɗu.

Washegari da hantsi ta lallaba ta bi bango har rumfar aikin mijinta. Ta same shi yana buga zoben ƙarfe a jikin ganga.

"Maigida, ka karɓo littafin ka ƙone shi. Ni da hannuna zan saka shi a wuta. Na ɗauki alkawari a gaban Allah ba zan sake buɗe irinsa ba. Ka dai ce masa ya daina zuwa."

Ozias ya ajiye guduma. Ba mugun mutum ba ne. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa ɗaga mata murya ba.

"Keziah, ni ganga na sani. In ruwan tuffa ya fara tashi a ciki, ka ƙi sassauta matoshi, fashewa za ta yi. Likita ya ce haka kanki yake yanzu. In na tsayar da shi a tsakiya, gobe kika fita titi kina surutai, me zan ce wa mutane? Me zan ce wa Allah?"

"Ɗanka ya fara motsi."

Fuskarsa ta washe, ya matso ya taɓa kafaɗarta. "To kin gani? Maganin yana aiki ke nan. Ki daure, saura kaɗan."

Huldah kuwa hujjarta a jikinta take. Duk shekara idan ƙanƙara ta narke sai an ɗebi jininta, in ji ta, kuma ta haifi takwas. "Mu da ba mu cika kanmu da shirme ba, tasa ɗaya ta ishe mu. Ke kika ɗebo wa kanki, 'yar nan. A zamaninmu mace in ta iya karanta littafin ibada da sunan mijinta, ta gama karatu." Don kada ido ya tuna mata da abin da ta rasa, Huldah ta kwashe duk wata takarda mai rubutu daga ɗakin, har da littafin ibadar kansa. Ozias ne ke karanta mata shi kafin cin abinci, yana tuntuɓe a kan dogayen kalmomi, ita kuwa tana cije leɓe kada ta gyara masa.

Bayan Alhamis ta uku, Keziah ba ta iya ɗaukar bokitin ruwa daga rijiya. Idan ta miƙe sai ɗakin ya yi duhu, kunnuwanta su cika da ƙara. Tana zaune a gaban wuta da mayafi biyu amma ƙafafunta kamar ƙanƙara. A haka Gwaggo Tamar Bidwell, ungozomar garin, ta same ta. Tsohuwa ce gajeriya mai kaifin harshe, wadda rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo duniya. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ja fatar idon Keziah ƙasa ta duba, ta matsa farcenta, ta dafa cikin.

Ta kira sunan Ubangiji a ranta, a fili kuwa cewa ta yi, "Wa ya wanke ki ya shanya haka? Kin fi kyandir fari."

Ta nufi rumfar aiki, Keziah na jiyo su ta taga.

"Kai, Ozias! Fito nan, mai kan ganga. Mata ka aura ko saniyar yanka?"

"Gwaggo, ki yi a hankali. Likita Thrall a birnin Philadelphia ya yi karatu, shekara biyu cur."

"To shi karatun bai tafasa masa jini ba? A kawo tasar in fara da shi! Ni na karɓi haihuwarka, yaro, na gan ka tsirara kana tsala ihu kamar ɗan alade. Shekara arba'in ina wannan aiki. Jinin da kuke zubarwa a gindin kabewa shi ne abincin ɗan da ke cikin nan. Ku ci gaba, za ku ga abin da zan ciro muku."

Huldah ta fito tana goge hannu a jikin riga. "Tamar, bakinki ya yi yawa. Ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa ba za ki koya wa likita aiki?"

"Ashe yau rashin karatu ne laifi? Na zata karatun ne. Ku tsayar da magana ɗaya mana, Huldah."

"Sai lokacin haihuwa a kira ki. Kafin nan, ƙofar gidan nan ta fi ƙarfinki."

Tamar ta koma ciki da sunan ɗaukar kwandonta. Ta sunkuya kusa da kunnen Keziah. "Ba za su ji ba, ɗiyata. Sai dai ki ci jarrabawar tasa. Ki ci hanta, ki sha romo, ko ba kya so. In ya fito da littafin, ki ja numfashi a hankali, ki tuna wa'azin Lahadin da ta wuce tun daga farko. Ko bijimi aka karanta wa wannan sai ya yi gyangyaɗi."

Keziah ta yi dariya, karo na farko cikin mako uku, dariyar ta ƙare da hawaye.

Kwana shida ta yi tana koyon abin. Tana kaɗi, sai ta tsaya ta ɗora yatsu a tsintsiyar hannunta, ta rufe ido ta kawo hoton jakar, da hannun likita yana shiga ciki. Da farko tunanin kaɗai kan sa zuciyarta ta ruga. Sannu a hankali ta koyi ja mata linzami: numfashi huɗu ciki, huɗu waje, tana bin addu'o'in da ta haddace tun tana yarinya. Ɗan cikinta yakan motsa idan ta natsu, ta ɗauki hakan a matsayin amsa.

Alhamis ta huɗu aka tashi da ruwan sama mai sanyi. Likita ya ƙirga, tamanin da huɗu. Ya fito da littafin. Keziah ta kafa ido a kan wani ƙulli na katakon daɓe, ta ja numfashi. Muryarsa ta yi nisa, kamar daga wani gida. Ya karanta shafi guda har ƙarshe, ya dubi agogo, ya ɗaga gira.

"Tamanin da biyar. Ikon Allah. Bari mu ƙara shafi ɗaya, don a tabbatar."

Ta riƙe. Tana jin nasara na matsowa layi bayan layi. A daidai nan Huldah, wadda ta bar tukunyar wake a kan wuta kuma ba ta son a ɓata mata lokaci, ta buɗe jakar likita da kanta, ta ɗauko tasar dalmar ta dire a kan tebur, ta kama hannun rigar Keziah na hagu ta fara naɗewa.

Ƙarar tasar a kan katako ta shiga jikin Keziah kamar tsawa.

"Af," in ji likita. "Ga shi nan ya fito. Ɗari da goma. Kun ga wayon ciwon? Laɓewa ya yi a shafin farko."

"Inna ce ta ajiye tasar! Ka gani da idonka, Likita. Maigida, kai ma ka gani!"

"Yanzu kuma ni ce ciwon naki?" in ji Huldah. "Ozias, ka ji abin da littattafai ke koya wa mutum."

Ozias ya dubi uwarsa, ya dubi likita, ya sunkuyar da kai. Jijiyar hannun hagu ta ƙi ba da jini sosai, sai aka koma na dama.

Daga wannan makon motsin ya fara raguwa. A da ɗan yakan dame ta da shuri idan ta ci abinci. Yanzu sai ta yi rabin yini tana saurare kafin ta ji ɗan taɓi, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin nauyin masu gida. Ranar Laraba da rana, Huldah ta tafi taya maƙwabta zuba kyandir, Ozias na rumfa yana bugu. Keziah ta yafa mayafinta, ta fita ta ƙofar baya. Gidan Tamar bai fi tafiyar rabin sa'a ba ga mai lafiya. Niyyarta ta ɓuya a can har Alhamis ta wuce; abin da zai biyo baya ba ta yi tunaninsa ba.

Ta wuce lambu, ta wuce gonar masarar da aka girbe. Kowane taku sai ta ji ƙasa na gudu daga ƙafarta. A gangaren da ke kusa da wurin matsar tuffa ta faɗi. Tana ganin hayaƙin gidan Tamar a bayan itatuwa, ta yi rarrafe har tafin hannunta ya yanke a kan duwatsu, sannan komai ya ɗauke. Wani manomi mai wucewa da keken shanu ya ɗauke ta, kuma da yake mutumin kirki ne, ya mayar da ita gidan mijinta.

Alhamis ta biyar likita bai ma zauna ba kafin ya yanke hukunci.

"Gudu daga gidan miji! Ai shi ne abin da matan cikin labaran nan suke yi, kowace da ƙunshin kayanta. Yanzu ba karantawa take ba, aikatawa take. Wannan ne ƙololuwar ciwon, Malam Loomis. In muka yi sanyin hannu yau, mun rasa ta."

Ya yi gwajin duk da haka, don shi mutum ne mai bin ƙa'ida. Ɗari da ashirin.

Keziah ta ƙanƙame hannayenta a ƙirji. "Ba zan miƙa ba. Ku kashe ni in na haihu, amma yau ba zan miƙa ba. Inna, ke uwa ce. Kin san yadda motsin yake. Ya ragu, wallahi ya ragu."

"Riƙe ta," in ji Huldah.

Ozias ya zo ta bayan kujera ya rungume ta, ya ɓamɓare hannun daga ƙirjinta ya miƙar da shi. Hannayensa masu lanƙwasa katakon ganga ba su sha wahala ba. Tana jin hawayensa na sauka a wuyanta, yana ta maimaitawa, "Don ke ne, Keziah. Don ke ne. Wata rana za ki gode mini." Ta yi ta kiran sunan Ubangiji har muryarta ta dushe. Ba ta ga zanen da jinin ya kai ba.

Aka mayar da ita ɗakin sama, aka riƙa kulle ƙofa daga waje.

Ranar Litinin da safe ta ji taɓi ɗaya, can ƙasa, mara ƙarfi. Ta jira na biyu har rana ta faɗi. Talata, da Huldah ta kawo mata faten masara, ta kama bakin rigarta.

"Inna, tun jiya bai motsa ba. Don girman Allah a kira Gwaggo Tamar."

"Barci yake. Ozias kwana biyu yakan yi bai motsa ba, ga shi nan ƙato. Ci abincinki."

Ta roƙi Ozias ta ramin ƙofa. Daga bayan ƙofar ya ce, "Jibi Alhamis. Likita zai duba har da wannan. Kin san in Gwaggo ta shigo rigima za a yi."

Ta sha ruwan sanyi. Ta kwanta ta gefen hagu, ta koma dama. Ta danna cikin da yatsa, a hankali, sannan da ƙarfi, tana yi masa magana, tana ba shi haƙuri. Ta yi addu'a iyakar wadda ta sani, da wadda ba ta sani ba. Yinin Laraba ta yi shi a zaune a bakin gado, hannu biyu a kan ciki, ba ta ko son yin numfashi mai ƙarfi don kada motsin ya zo ya wuce ba ta ji ba. Zuwa safiyar Alhamis ta daina saurare. Cikin ya yi nauyi irin na dutse, ya sauka ƙasa, kuma jikinta ya gaya mata abin da ba wanda ya yarda ya zo ya gaya mata.

Ozias ne ya sauko da ita a hannu ya zaunar a kujerar. Likita ya daɗe yana laluben jijiyar kafin ya same ta. Ya ƙirga. Ya sa hannu a jaka, ya fito da littafin, Keziah ta bi shi da ido kamar yadda ake kallon ruwan sama a gonar wani. Ya karanta shafi ɗaya, ya karanta na biyu. Ya nemo wurin da ya fi kowane zafi, ya karanta da muryar budurwa. Don ya gamsar da kansa, ya ɗauko tasar ya dire a kan tebur, ya buɗe askar ya ajiye a gefenta.

Babu abin da ya rage mata da za ta ji wa tsoro.

Likita ya rufe agogonsa, ya miƙe tsaye, ya miƙa wa Ozias hannu. "Ko bugu ɗaya bai ƙaru ba. Malam Loomis, matarka ta warke."

Huldah ta ɗaga hannu sama tana godiya. Ozias ya durƙusa a gaban kujerar yana dariya yana share ido.

"Yau kwana uku bai motsa ba," in ji Keziah.

"Alama ce mai kyau," in ji likita, yana ɗaure jakarsa. "Jinin uwa ya kwanta, shi ma ya samu ya huta."

Ranar Asabar da hantsi naƙuda ta zo, aka aika a kira Tamar, tunda lokacin haihuwa ne kuma an yi mata alkawari. Mace ce, ta zo babu rai. An gama halittarta tsaf, har da farce. Tamar ta wanke ta, ta naɗe ta a ƙyallen lilin, ta sauko ƙasa ta ɗora ta a hannun Ozias ba tare da zagi ko ɗaya ba, abin da ya fi ba shi tsoro fiye da duk zagin da ta taɓa yi masa.

Kowa ya sami abin faɗa. Likita Thrall ya ce dafin labarin ya riga ya isa ga jaririyar tun kafin a kira shi, da an kira shi wata guda kafin nan da ya ceci biyun. Huldah ta ce Ubangiji ne ya bayar, shi ya karɓa, kuma wani lokaci yakan karɓi ƙarami don ya ja kunnen babba. Ozias kuwa ya ɗauki kayan aikinsa. Ya zaɓi katako mafi kyau a rumfarsa ya yi ɗan akwatin gawa, ya goge shi har yana sheƙi. A gidan nan babu wanda ya ƙi Keziah, babu wanda ya kwana da nufin cutar da ita. Sun dai yarda da likita don ya yi karatu, sun ƙi yarda da ita don ta yi karatu, sannan da aikin hannunsu ya fito fili suka ɗauke shi suka jingina wa Allah, wanda ya ga tasar duk sau biyar ɗin da aka cika ta.

Sai tsakiyar Disamba ta iya zuwa coci. Kamar yadda aka saba idan wani ya tashi daga ciwo, Ozias ya rubuta 'yar takardar godiya ya miƙa, mai wa'azi ya karanta ta daga kan mumbari: Ozias Loomis da iyalinsa suna roƙon jama'a su taya su gode wa Ubangiji, wanda ya kuɓutar da matarsa daga ciwon da karatun banza ya jawo mata. Kawuna suka juyo. Wa'azin ranar a kan haka aka yi shi.

Da aka tashi, ƙanƙara ta daskare a kan matakalar ƙofa, Ozias ya riƙe ta a tsintsiyar hannu don kada ta zame. Wani maƙeri, Jabez Treat, ya tare su, amaryarsa Lovisa na bayansa. Yarinya ce da ba ta wuce sha tara ba, kuma duk macen da ta dubi yadda take ɗaure da mayafinta ta san ba ita kaɗai ba ce.

"Malam Loomis, shawara nake nema," in ji Jabez. "Wannan tawa kwana biyu sai ciwon kai, sai jiri. Shekaranjiya na ɗaga kwandon saƙarta, ka san abin da na tarar. Tun da ta ji na ambaci Likita Thrall take kuka."

"Kada ka yi jinkiri irin nawa," in ji Ozias, da zuciya ɗaya. "Jinkirin ne ya cuce mu. Keziah, gaya mata. Kwantar mata da hankali."

Lovisa ta ɗago ido ta dube ta. Keziah ta buɗe baki, maganar ta taso mata tun daga ciki, cikakkiya, a shirye: gudu, tafi wurin Tamar yau, kada ki bari ya taɓa hannunki. Zuciyarta ta soma bugawa da ƙarfi, kuma a take ta ji yatsun mijinta, waɗanda suka kalli aikin likita sau shida, sun gyara zama a kan jijiyarta. Ya juyo ya dube ta da damuwa irin ta mai ƙauna.

"Lafiya, Keziah? Na ji hannunki na bugawa."

"Sanyi ne, Maigida," ta ce. Sannan ta dubi yarinyar, ta ce, "Na warke."

Jabez ya yi godiya, ya kama hannun matarsa suka sauka matakala.